Jajen da Na Yi wa Uwar Lauya

Shekarun baya, tun Turawa ba su tattara sun tafi ba, aka kawo ni Sabo ta Badun ina amarya. Ban san kowa ba, ba na fita, Yarbanci kuwa ko gaisuwa ban iya ba. Wadda ta fara sakar mini fuska wata dattijuwar Bayarbiya ce mai shigo mana da manja da garin rogo. Iya muke ce mata. Ita ta koya mini tuƙa amala, ita ta zauna a kaina ranar haihuwata ta fari.

Iya tana da ɗa guda, yana karatu a Ingila. Ba ta sauke tallanta ba tare da ta ambace shi ba. "Yarona ko taba bai sha," haka take cewa da Hausarta mai karkacewa.

Maigidana dillalin shanu ne, ya tsinci Turancinsa a tashar jirgin ƙasa, yana kuma son a gan shi da jarida. Wata rana bayan La'asar ya shigo riƙe da ita yana salati.

Na ce, "Malam, lafiya?"

Ya ce, "Ɗan Iyarki ne. Ga sunansa. Sun ce an kira shi zuwa bar a Landan."

"Mene ne bar?"

Ya zauna ya yi mini bayani dalla-dalla. Ya ce ya sha gamuwa da kalmar a jarida. Ya gan ta da aka saci sandunan ƙarfe a tasha, ya gan ta a tallan sabulu, ya kuma gan ta da 'yan sanda suka kai samame gidan giya a unguwar Mokola. "To, ƙarfe ba ya kiran mutum, sabulu ba ya kiran mutum. Me ya rage?"

Ni dai a lokacin gani nake babu Turancin da ya fi ƙarfin mijina.

Washegari Iya ta shigo da fara'arta. Ina ganinta sai hawaye suka zubo mini. Na riƙe hannunta a tsakar gida, matan gidan hayar duk suna tsaye, na ce, "Iya, sai haƙuri. Allah Ya shirya shi."

Ta ce, "Wa?"

Na faɗa mata, har da cewa abin ya kai ga jarida. Ba ta yi gardama ba, don ita ma ba ta karatu. Ta zauna daɓas a kan turmi, ta cire ɗankwalinta ta riƙe a hannu. Sai cewa ta yi, "Na sayar da zannuwana saboda shi." Ta tashi ta fita, ta bar manjan a nan.

Kafin a yi kwana biyu labari ya zaga Sabo, kuma ya yi ƙiba a hanya. Wasu suka ce a gidan giyar yake kwana, wasu suka ce shi ke zuba wa Turawa. Iya ta daina zuwa. Yarinyar da ta zo ɗaukar manjan ta ce tana kwance, ko ruwan koko ba ta sha.

Ana nan sai ga maigidana ya dawo da rana tsaka, hula a hannu, ba jarida. Ashe ƙanen Iya, wanda ke aikin akawu a kotun Ikko, ya hawo mota ya zo yi mata murna, ya tarar da ita kamar mai takaba. Shi ya warware zancen. Kiran nan da aka yi wa ɗanta, lauya ya zama. Haka Turawa ke faɗinsa.

Na ce, "Malam, ka ce abu uku take nufi."

Ya ce, "Ashe huɗu ne."

Shi ya koma cikin shanunsa, abokai suka yi masa dariya ta ƙare. Ni ce na faɗa da bakina, a gaban mata. Idan na ji muryar mai talla a zaure sai in faɗa ɗaki in saki labule.

Ranar da Iya ta dawo ban samu gudu ba, ina tsugune ina wanki. Ta rame. Ta ajiye ƙunshin atamfa a gabana, ankon bikin da za a yi idan lauya ya sauka. Na kasa ɗaga kai.

Na ce, "Iya, ki yafe mini."

Ta ce, "'Yata, tashi. Kin kusa kashe ni, gaskiya ne. Amma mutum nawa suka ji a unguwar nan suka yi ta yi da ni a bayana? Ke kaɗai kika yi kuka." Sannan ta ɗaga murya yadda na waje zai ji: "Mijinki dai ya tsaya a kan shanu."

Na je bikin, amma a bayan mata na lafe har aka watse.

Yau jikokina na karanta mini labarai a waya, su fassara. Ina saurara, in ce su sake dubawa, su yi ta mita wai na cika shakka. Ba su ga tsohuwar nan zaune a kan turmi da ɗankwali a hannu ba. Ni har yanzu in na tuna, sai in ji fuskata ta ɗau zafi kamar jiya aka yi.