Sunan da Inna Ba Ta Faɗa

A shekarun da ake ta rushe gidajen kusa da Harami don faɗaɗa masallaci na samu aikin kwafe daftari. Maigidana muɗawwifi ne. Ya gaji jagorancin alhazai daga kakansa, ya kuma gaji tulin daftaran da wakilinsu na Jidda yake cikawa duk sanda jirgin ruwa ya iso. Gara ta ci wasu, ambaliya ta jiƙa wasu. Da rusau ya matso ofishinsa na unguwar Misfala, sai ya ce in kwafe komai cikin sababbi kafin a tashe mu. Ga shi kuma mutane sun fara zuwa neman sunan uba ko na kaka, don su san ta inda suka shigo ƙasar nan.

Rubutuna kam yana da kyau, bakina ne ba shi da linzami. Ban daɗe da farawa ba raina ya soma ɓaci. In jirgin Jawa ne ko na Indiya, kowa da sunansa, da na ubansa, da garinsu. In kuwa na Sawakin ta Sudan ne, wanda namu Hausawa ke shiga bayan sun yi shekara da shekaru suna taka ƙasa, sai ka ga an rubuta wane Takaruni, wato baƙar fata daga yamma, da matarsa, da 'ya'yansa. Shi ke nan fa! Kamar ana lissafin buhunan dawa.

Wata safiya na ci karo da sunan mahaifina, Allah ya jiƙansa. A gabansa an sa: da matarsa, da ɗa. A gefe kuma wani hannu ya ƙara cewa ɗan ya rasu kafin a sauka.

Na san labarin tun ina ƙarami. Wana ne, ɗan farin Inna. A bayanta ya ƙetare Chadi da Sudan, ya koyi tafiya a gonar audugar da suka tsaya ƙwadago, zazzaɓi ya ɗauke shi ana hango Jidda. Abin da ban sani ba shi ne sunansa. Mu Hausawa uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, alkunya ce. Mahaifina ma har ya koma ga Allah "yaron nan" yake cewa. Abokan tafiyarsu wasu sun mutu, wasu sun koma gida. Duk Makka Inna kaɗai ta rage da sunan, ga ta kuma ta tsufa, tari ya sa ta gaba.

Na rubuta sunan Inna da kaina, na bar fili a wurin na yaron. Maigida ya leƙo ta kafaɗata.

"Ya waladi, wannan filin fa? Kwafe na ce ka yi, ban ce ka gyara ba."

"Ya Shaihi, wana ne. Sunansa zan sa."

"Wa zai zo neman yaron da ko ƙasa bai taka ba?"

"Ga ni na zo," na ce.

Ya ce in na ƙara ko harafi ɗaya in nemi wani aikin. Na ce Allah na nan, na naɗe daftarin a hammata na fice. Aikin dai ban daɗe a kansa ba bayan wannan, kuma har yau ban yi da-na-sani ba.

Na tarar da Inna a tsakar gidanmu na unguwar Tandabawi tana surfa waken ƙosai. Na durƙusa na gaishe ta, na faɗi abin da ke tafe da ni. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Auta, ka sha rana ne?"

"Inna, suna kawai. Sau ɗaya."

"Tir! Ni zan buɗe baki in kira shi? Don an haife ka a Makka sai ka ɗauka kunya ta ƙare a duniya? Ban kira shi yana raye ba, sai yanzu don takardar Balarabe?"

Nan fa na hau. Na ce su can sun mai da shi ba kowa ba, ke kuma kina taya su. Na ce ranar da kika rufe ido, shi ke nan, kamar ba a taɓa haihuwarsa ba. Ta ajiye taɓarya ta dube ni, idonta jawur.

"Ni na goya shi har bakin teku. Kai ne za ka gaya mini an haife shi?"

Na ji kunya, na kuma ji haushi, duka biyun. Muka yi kwanaki ba mai ce wa wani komai sai gaisuwa. Ita taurin kai, ni taurin kai, ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Daftarin na nan kan taga, na rantse ba zan mayar ba sai da sunan.

Ran wata Juma'a bayan la'asar ta kira ni. Tana zaune kan tabarma, carbi a hannu.

"Zo ka biya mini sunayen annabawa. Tsufa ya sa sun fara kuɓuce mini."

Na zauna ina cika ina batsewa, na fara jerowa kamar yadda aka koya mana a makarantar allo. In na faɗi ɗaya, ta maimaita, ta ce alaihissalamu. Muka yi nisa a haka. Sai na faɗi wani, na ji shiru. Na ɗauka ba ta ji ba ne, na sake faɗa da ƙarfi. Ta kau da kai wajen bango, carbin ya tsaya cik a hannunta, hawaye na bin kumatunta.

Sai na gane sunan wana ke nan. Na miƙa hannu na jawo daftarin daga taga, na rubuta shi a filin da na bari.

"Na ce wani abu ne?" in ji ta, ba ta juyo ba.

"Ba ki ce komai ba, Inna."

"To. Wuce na gaba."