Wanda Ya Ɗana wa Baba Baka

Ban taɓa ƙaunar Baffa, ƙanin mahaifina, ba, kuma zaman da ya yi a ɗakina na Abbasiya, unguwar da nake zaman karatu a Alkahira, bai ƙara masa daraja a idona ba. Shi ya rako Baba Alkahira neman magani bayan shanyewar ɓarin jiki ta kwantar masa da hannun hagu. A gida ana ta sa masa albarka, wai ya bar gonarsa saboda ɗan'uwansa. Ni da nake dafa masa abinci na san abin da ya kawo shi.

Baba ne Sarkin Baka a ƙauyenmu. Al'adar maharbanmu ita ce, idan za a buɗe farauta, sarki ke sakin kibiyar farko. Shekarar da ya kasa, sai ya sauke kwarin sarauta ya miƙa wa na bayansa. Na bayansa kuwa Baffa ne. Saboda haka duk ranar da muka je gashin hannun a asibitin unguwar Dokki, tambayarsa ɗaya ce, wadda yake sa ni in fassara wa likita: hannun zai dawo kuwa? Sai ya langaɓe kai kamar mai tausayi, amma ranar da aka ce da wuya ya dawo, malmala biyu ya ci da dare har yana neman ƙari.

Mai yi wa Baba gashi Bamisire ne mai yawan surutu. Da ya ji sana'ar Baba, sai ya ba mu labarin wani irin baka mai kunama. A kwance yake bisa itace kamar bindiga, ana ɗana tsirkiyar ta tsaya da kanta, maharbi ya dora shi a kan madogari ya saita, ya ja kunamar da yatsa ɗaya. Ya ce akwai filin koyon harbi inda masu lalura ke zuwa, zai yi mana hanya. Na ga idon Baba ya kawo haske, abin da rabona da gani tun saukarsu. Baffa ya taɓe baki ya ce wannan ai kayan wasan yara ne, amma ranar zuwa ya riga kowa shiga mota.

A filin muka tarar mai koyarwar mace ce. Ta ajiye bakan a kan teburi, ta nuna mana ɗan hannun da ake juyawa a ja tsirkiya, kamar na injin taliya. Sai dai aikin hannu biyu ne, ɗaya ya danne, ɗaya ya juya. Ta ce yalla, wato mu fara, ta miƙa hannu za ta ɗana, Baba ya ɗaga tafinsa ya tsayar da ita. A wajen maharbanmu mace ba ta taɓa makamin farauta. Wanda mace ta ɗana wa makami, harbinsa ba ya shiga lissafi, ko me ya kayar. Ni kaina na girma ina kewaye kwarin Baba a bangon zaure kamar wuta.

Baba ya juya ya kira ƙaninsa. Namiji ɗaya ke nan a cikinmu mai hannu biyu, kuma aikin bai fi na buɗe kwalba wuya ba. Baffa ya riga ya ja gefe ya ɗaga waya, wai zai ɗauki hoton bidiyo a tura wa mutanen gida.

"Yaya, hannuna a cike yake," in ji shi.

Na so in fizge wayar nan in maka ta da ƙasa. Baba ya daɗe yana kallonsa, shi kuwa yana kallon gilashin waya. Matar ta tambaye ni ko akwai matsala, na ce ma'alish, wato ta yi haƙuri, ta ɗan jira. Sai Baba ya dube ni. Sunan mahaifiyarsa aka sa min, don haka ba ya kiran sunana.

"Uwata, zo ki ɗana min."

Na tuna masa abin da za a ce a gida, ya ce ya fi ni sani. Na danne bakan, na juya har tsirkiya ta kama. Baba ya kwantar da kumatunsa, ya ɗauke numfashi, ya ja kunama. Kibiyar ta nutse a tsakiyar takardar. Matar ta tafa tana cewa tamam, Baba kuwa dariya yake yi har da hawaye, da rabin bakin da ke motsi.

Kafin mu iso tashar jirgin metro hoton ya isa ƙauye. Baffa bai tura inda kibiyar ta sauka ba, iyakar inda hannuna ke kan baka ya yanke. Da su Baba suka koma gida, dattawan maharba suka zauna, aka sauke kwarin daga bangon zaurenmu aka kai gidansa.

Da na je hutu, Baffa ya aiko min da cinyar gada daga farautar da ya buɗe. Na mayar masa da ita a kwanon da ta zo. Inna ta yi min faɗa. Baba kuwa yana zaune a zaure, ƙarƙashin ƙusar da kwarin ya bari, inda ya sa aka rataye masa takardar nan mai huda a tsakiya.