Ranar da Ɗan Sauri Ya Gaida Akuya

Har gobe in na tuna ranar da ɗalibina ya gaida akuya a wani gungu, wato ƙauyen tsibiri, kusa da Yelwa, sai dariya ta kama ni ni kaɗai. Lokacin ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, ana gina madatsar ruwa ta Kainji. Kamfaninmu na masu ba da shawara ne: mu ke auna ƙauyukan da ruwa zai ci, mu gaya wa gwamnati irin gidajen da za a gina musu a tudu. Ni ne malamin Hausa na kamfanin, ina koya wa injiniyoyi Turawa yadda ake magana da mutane.

Manajanmu bai ga amfanin ajin ba, a ganinsa tafinta ya isa. Sai ya ce zai gwada ɗalibi ɗaya. Za a je wani gungu da aka taɓa korar masu awo, ɗalibin ya nemi izini da bakinsa, ni kada in ce uffan. In aka sake korar mu, za a rufe aji, ni kuma in kama gabana. Don mugunta ya zaɓi wanda muke kira Ɗan Sauri, mutumin da ko shayi a tsaye yake sha.

A cikin kwalekwale, manaja yana zaune a gefe, na yi ta nanata wa Ɗan Sauri: ka tuɓe takalmi, ka zauna, ka yi gaisuwa, kuma kada ka faɗi abin da ya kawo ka sai an tambaye ka.

Maigarin, wani tsoho Bagunge, wato ɗan ƙabilar tsibiran nan, ya sa aka shimfiɗa mana tabarma. Aka yi ina kwana, ina gajiya, ina iyali. Gaisuwar da na koyar ta ƙare tas, tsoho bai tambayi komai ba. Ɗan Sauri ya dube ni, na dubi sama. Sai ya shiga gaida duk abin da ya san sunansa.

"Baba, yaya albasa?"

"Albasa lahiya lau."

"Yaya kwalekwale?"

"Shi ma lahiya."

"Yaya akuya?"

Tsoho ya juya ya dubi akuyar da kyau, ya ce, "Tana gaishe ka."

Mata suka tuntsire da dariya a bayan zana. Manaja yana duban agogo, fuskarsa ta yi ja kamar manja. Ni kuwa na cusa hannun rigata a baki, hawaye na zuba, ban san na dariya ne ko na aikina da ke shirin tafiya ba.

Da kalmomi suka ƙare masa, sai ya nuna wasu tuddan ƙasa a gindin tsamiya, ya ce, "Yaya waɗancan?"

Dariya ta ɗauke. Kaburbura ne. Na ce a raina shi ke nan, na tashi daga aiki.

Tsoho ya dubi kaburburan, ya ce, "Iyayenmu na. Tun da anka fara zancen ruwan ga, babu wanda yat tambaye su sai kai. Masu awo na farko sun zo, ko zama ba su yi ba sunka hau shafa muna fenti ga bango." Ya gyara zama. "To, ɗana, mi yak kawo ku?"

Ɗan Sauri ya faɗa da gurguwar Hausarsa. Tsoho ya ce a auna, amma a fara da gindin tsamiya.

A hanyar dawowa na yi ta tsalle don murna har na kusa kifar da kwalekwale. Da sati ya zagayo, sai ga manaja a benci na gaba, yana koyon ina kwana.

Abin da na koya, nake kuma gaya wa ƙanana a aikin nan, shi ne mutane ba sa ba ka izinin auna gidansu sai sun ga ka damu da abin da ke ciki. Gungun nan yanzu yana ƙarƙashin tafki. Duk sanda na ratsa wurin a jirgi, nakan leƙa ruwa in ce, "Baba, yaya waɗancan?"