Gadoji huɗu na Eilif ɗan Gunnar

Eilif ɗan Gunnar, jikan Peder masunci, haifaffen wani tsibiri ne a arewacin Norway. Ya ƙare ƙuruciyarsa a ɗakin injin jiragen ruwa, sa'an nan yana ɗan shekara arba'in da tara ya auri Bunruan 'yar Khamdi, ya biyo ta ƙauyensu da ke lardin Sakon Nakhon a ƙasar Thailand, ya gina gida a gefen gonar mahaifinta. Shekara ashirin da huɗu ya yi a nan. Babu injin ban ruwa a ƙauyen da hannunsa bai taɓa ba, ya saba da shinkafa mai danƙo da kwaɗon gwanda, amma kalmomin Thai da ya sani ba su cika ashirin ba. Bunruan ce bakinsa, da Turancin da ta koya tana aikin otal. Yayarta Samruay kan ce, "Ɓaunarmu ma ta fi mijinki jin magana." In Bunruan ta fassara masa, sai ya yi dariya ya ce a gaida ɓaunar.

A shekarar da ya cika saba'in da uku likita ya ce ciwon hantar Bunruan ya wuce magani. Wata rana da hantsi, tana kwance a asibitin birni, ta kira shi.

"Tsoho, ƙirga mini gadojin da ke tsakanin nan da gida."

"Huɗu ne. Me ya kawo zancen gada?"

"In na mutu a nan, mota za ta kai gawata, amma kurwata ba ta san hanya ba. Dole wani ya zauna kusa da ni da turaren tsinke, a kowace gada ya nemi izinin masu tsaronta, ya kira sunana, ya ce in biyo. In ba haka ba, a bakin ruwa zan tsaya."

"Ai ga Yaya Samruay."

"Tun ina goye ban taɓa amsa kiran Yaya ba, sai yanzu? Kai nake so."

"To, zan kira ki da Turanci."

Ta yi murmushi. "Ni zan ji. Masu tsaron gada fa? Wa ya sa su makaranta?"

Eilif bai yarda da kurwa mai ɓatan hanya ba, kuma bai ɓoye mata ba. Duk da haka washegari ya je wurin Malam Thawin, tsohon malamin Turanci na makarantar gundumar, ya roƙe shi ya koya masa. Malam Thawin ya so a fara daga baƙaƙe, kamar yadda tsari ya tanada. Eilif ya ce ba shi da wannan lokaci. Suka daidaita a kan jimla biyar. Mako bakwai yana maimaita su, a gona, a kan babur, a gefen gadon mara lafiya, ita kuwa tana gyara masa har ranar da magana ta gagare ta.

Ta rasu ranar wata Laraba da safe. Aka sa akwatin a bayan akori-kura, Eilif ya zauna a gefensa riƙe da turare, Samruay na fuskantarsa. A gada ta farko ya faɗi jimlolin nan ɗaya bayan ɗaya, da ƙarfi. Haka a ta biyu da ta uku. 

Gada ta huɗu ƙarama ce, mota ɗaya take ɗauka, daga bakinta ana hango rufin gidansu. Da ya hango shi, sai kalmomin suka ɓace masa. Direba ya taka birki kafin gadar, domin ba zai haye ba a kira mamaciya ba. Motocin rake biyu suka tsaya a baya, ɗaya ta fara oda. Samruay ta miƙa hannu za ta karɓi turaren. Eilif ya girgiza kai. Ta dube shi, ta sauka, ta je ta faɗa wa mai odar abin da ya sa ya kashe injinsa ya cire hula. Da ta dawo ta dafa gwiwar Eilif, ta faɗi kalma ta farko a hankali, irin yadda ake tuna wa ɗalibi. Ya kama daga nan, ya nemi izini, ya kira sunan matarsa sau uku, ya ce mata an kusa, ta biyo. Motar ta haye.

Bayan an ƙona gawar, Malam Thawin ya jira shi mako uku bai zo ba. Sai ya ɗauki littafin baƙaƙe ya same shi a gona yana kwance wani inji. Ya gaya masa cewa harshensa ya fara karyewa, kuma yanzu da babu mai fassara masa ne ya fi bukatar karatun. Ya tambaye shi dalilin da ya sa ya daina.

Eilif ya goge hannunsa da tsumma.

"Malam, na gode. Saƙo ɗaya gare ni a harshen nan, na kuwa isar da shi. In na ƙara koyo, zan fara jin abin da mutane ke faɗa a kanta, ni kuma ban shirya jin ana cewa marigayiya ba."