Kwana Uku Ina Gadin Toka

Har yau a unguwarmu nan Tambuwal ana cewa ni ce matar da ta kori masu jaje da tsintsiyarsu a hannu. Gaskiya ne, na kore su, kuma ban ba kowa haƙuri ba. Abin da ke mini ciwo, babu wadda ta tsaya ta ji dalili.

Ɗinki nake yi. Shagona na bakin hanyar tasha, da keke biyu da injin yi wa riga aiki. Sai da na aurar da ɗiyata ta biyu sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci, don na gaji da riƙe awon mutane a ka. A ajin ne malamarmu ta kawo wani ma'aikacin inshora irin ta Musulunci, wadda ake kira takaful: masu sana'a su riƙa zuba kaɗan a asusu ɗaya, wanda masifa ta auka wa a ɗebo a tashe shi. Mata sunka yi ta dariya, ni kuwa na shiga asusun. Takardar da anka ba ni akwai Hausa a bayanta. Wata guda na yi ina bin baƙaƙenta da yatsa, don ban da littafin aji ita kaɗai ce abin karatuna.

Wata Juma'a, maza na masallaci, wuta ta tashi a rumfar mai sayar da fetur a kwalba da ke jikin bangona. Kafin a kawo ruwa rufi ya zube kan kekunan. Atamfofin mutane, har leshin wata amarya daga Jabo, duk sunka ƙone.

A wurinmu ba a barin wanda gobara ta ci ya kwana yana kallon toka. Maƙwabta kan zo da tsintsiya da kwando su kwashe, ƙarafan kuma a miƙa wa 'yan gwangwan. Alheri ne, ni ma na yi wa wasu. Bayan la'asar mata sun cika ƙofa, yayata ta iso a kan mashin tun daga Kebbe, ta ɗaure gyale a ƙugu tana raba aiki.

Ina zaune ina kuka sai layi na uku daga ƙasan takardar ya faɗo mini a rai: kada a taɓa komai sai wakilin kamfani ya gani. Na miƙe na tare ƙofa, na ce kowa ta ajiye tsintsiya.

Yaya ta ɗauka firgita ce, ta kama hannuna tana lallashi wai in shiga gida in sha ruwa. Da ta ga da gaske nake, ta sake ni.

"Ke Auta, mi nika ji haka? Jiƙa tokar za ki yi ki sha? Mutane sun bar girkinsu sun zo, ki kunyata mu?"

"Yaya, tokar nan ita ce shaidata. Wadda ta share ta, ita za ta saya mini keke."

Sunka watse suna cewa boko ya taɓa ni da tsufa. Na kira lambar da ke takardar, anka ce sai Litinin.

Na shimfiɗa tabarma a ƙofar shago. Ɗan gwangwan ya zo sau biyu da baronsa, na sallame shi. Awaki na kora. Ranar Lahadi hadari ya haɗu, na aro tampol na rufe wurin na danne da duwatsu, ina cewa in mutanen kamfani ba su zo ba na rasa kekuna na rasa maƙwabta. Yaya ba ta koma Kebbe ba. Ba ta mini magana, amma safe da rana sai ta zo ta dire kwanon abinci ta juya.

Litinin da hantsi wakilin ya iso daga Sakkwato. Ya ɗauki hoto ta ko'ina, ya durƙusa ya kankare baƙin da ke gindin kan keke har lamba ta fito. Kafin ya buɗe jakarsa na ɗaga takardata na karanto lambar keken da ke rubuce a ciki da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya, mutanen tasha na jina. Ta yi daidai. Ta biyu ma haka, ta injin ma haka. Ragowar atamfofin da wuta ba ta gama cinyewa ba ya jera su ya rubuta. Ya ce da an share, da ba shi da abin da zai kai ofis.

Sai ga Yaya ta kutso ta bayana.

"Malam, rubuta da kyau. Ƙanwata ce, mu duk gidanmu haka muke da kula."

Sai na fashe da dariya.

An ja ni sati biyar, na kira har sunka gane muryata. Ranar da saƙon biya ya shigo wayata, ni na karanta abina, ban miƙa wa kowa ba. Washegari da sassafe na shiga motar farko zuwa Sakkwato sayen kekuna, na gaya wa direba in za mu dawo kada ya sa kayan kowa a bayan motar, na kama wurin duka.