Kawu Ishaya da Gwaggon da Ba a Kwafa

Duk wanda ya taɓa leƙo ɗan shagonmu na haɗa katun a Kontagora ya san Kawu Ishaya ba ya tura komai daga kwamfutarsa sai ya yi masa nasiha. Wallahi ba ƙari nake ba! Zai gama gina jaki, gaba da baya da gefe kamar sassaƙa, in lokacin fitar da shi zuwa wata fitowar fim ya yi, sai ya gyara tabarau ya ce, "To, za ka shiga cikin baƙi. Ban da kunyata ni." Sannan ya danna. Mu eksfot muke cewa, shi kuwa cirani yake kiran abin.

Ƙanin mahaifiyata ne, ɗan Rijau, tsohon mai zanen bayan manyan motoci. Da furfurarsa ya koyi wannan aiki a hannuna, amma kafin shekara ta zagayo ni nake shan faɗa.

Kun tuna akuyar nan da ya gina? Nura abokin aikinmu ya ɗauke ta ya kai fitowar kasuwa, ya manta bai haɗa da hotunan fatarta ba. Akuya ta iso ruwan hoda fes, kamar an tsoma ta a zoɓo.

"Nura! Wa ya feɗe min akuya?"

"Kawu, fatar ce ta tsaya a wancan fayil ɗin."

"Ta tsaya? Kai in za ka garin Salka, a gida kake barin wandonka?"

Ga shi bai yarda da mita ba ko kaɗan. Da kamu yake awo, ya ɗora tafin hannu a gilashin kwamfuta ya ce ya yi daidai. Ranar da na shigo da kazarsa fitowar gidan manomi, kanta ya ɗara rumbu.

"Kawu, a rage ta mana."

"Rumbunki ne ƙarami, Rahila."

"Haba Kawu! Kaza ta fi rumbu?"

"Damina ta yi kyau. Ke dai ba kya son ci gaban kaza."

Da ƙyar ya amince, shi ma sai da ya juya mana baya, wai kada a yi a gabansa.

Amma duk wannan wasa ne in aka zo kan Gwaggo Laraba, matarsa. Bayan rasuwarta ya zauna ya gina ta a kwamfuta, tsagarta, wushiryarta, har yadda take riƙe ƙugu in za ta yi masifa. Da ƙungiyar mata manoma ta Tungan Magajiya ta ba mu aikin fim kan adana wake ba tare da maganin ƙwari ba, Gwaggo ce mai koyarwa daga farko har ƙarshe. Sai dai da sharaɗi: ba a kwafarta.

"Matata ɗaya ce," in ji shi. "Ba zan wayi gari in gan ta a kowace kwamfuta ba."

Don haka jona ta kawai muke yi. Tana zaune a kwamfutarsa, kowace fitowa daga can take janyo ta, duk abin da ya taɓa a jikinta kuwa sai ya canza ko'ina. Kawu kuma kullum da safe sai ya canza mata zani! Abin da muka kammala jiya da shuɗi, na yau da ja. Na ce, "Kawu, ta shiga ɗaki da shuɗi ta fito da ja. Me zan ce wa masu kallo?"

"To me kike zaton mata ke yi a ɗaki?"

Ana cikin haka ciwo ya kayar da shi. Aka kwantar da shi a asibiti, ya ƙanƙame kwamfutarsa ya tafi da ita. Na buɗe fim da safe. Babu Gwaggo ko a fitowa ɗaya! Faifan wake na yawo shi kaɗai a iska, mata sun zagaye fili suna gyaɗa kai. Ga kaka ta matso, in ba a nuna fim kafin a zuba wake a buhu ba, aikin ya tashi a banza. Nura ya ce mu gina wata tsohuwa. Na ce ya gina ya ga abin da zan yi masa.

A fusace na isa asibiti, da faɗana a baki. Ina ganin yadda ya rame, faɗan ya tsere.

"Kawu, Gwaggo nake so. Gaba ɗayanta."

Ya ce, "Tun da na gina ta ban bar ta ta kwana a waje ba."

"Na sani."

"Miƙo filashin."

Na miƙa masa ɗan filashin ɗaukar fayil, ya tattara ta, fata, zani, kallabi, ƙasusuwan da ke motsa ta, ya ƙulle a fayil ɗaya. Ya buɗe ya duba, ya sake dubawa. "Ki tabbata ɗankunnen ya bi ta. Ta tsani fita ba ɗankunne." Na fito na jingina da bango na sha kukana.

Bai ga fim ɗin ba. Bayan jana'izarsa muka kai shi Tungan Magajiya, muka haska a bangon makaranta. Gwaggo na fitowa ta riƙe ƙugu, wata tsohuwa, ƙawarta tun suna 'yan mata, ta miƙe tsaye ta doki ƙirji.

"Laraba ce! Ke Laraba, ina kika baro Ishaya?"

Wuri ya kaure da dariya. Ni kuwa na kasa. Na matsa na kama hannunta na ce, "Mama, yana wurinta."

Ubangiji ya ba ka hutawa, Kawu. Ya gafarta maka taurin kai, ya zaunar da kai kusa da ita. Amin.