Karsanata Mai Fukafukai

Har yau in na bi ta lungu na ji ƙaurin kaza ana babbakewa, sai in ji cin abinci ya fita daga raina. Matata ta san da haka, shi ya sa in za ta gyara kaza take bari sai na fita. Ta ɗauka ƙyanƙyami ne irin na mazan da ba su saba da madafa ba, ni kuwa ban taɓa gyara mata zancen ba. Kai dai bari in gaya maka, tunda ba ka san ni ba, ba kuma za ka yi mini dariya a gaban 'ya'yana ba.

A gindin Goron Dutse na tashi, a wani gidan ƙasa mai zaure ɗaya, bayanmu kududdufi ne da ba ya ƙafewa sai tsakiyar rani. Mahaifina tela ne. Mahaifiyarsa, wadda muke kira Inna, tana zaune tare da mu a ɗakin da ke kusa da rijiya. Bafulatanar daji ce, aure ya kawo ta birni, ta kuma fi daɗewa a cikin ganuwa a kan zaman da ta yi a ruga, amma har ta koma ga Allah ba ta yarda ita 'yar birni ba ce. In aka sayo nono sai ta shinshina, ta ture ƙwaryar, ta ce wannan ai ruwan rijiya ne aka nuna wa saniya daga nesa.

Abu ɗaya ne yake cin ranta, kuma a kaina ne. A danginsu, ranar suna ake nuna wa jariri karsanarsa a cikin garke. Duk abin da ta haifa nasa ne, da ita zai girma, da 'ya'yanta zai yi aure. Mahaifina ya samu tasa, daga baya aka sayar aka saya masa keken ɗinki. Ni kuwa da aka haife ni, rago aka yanka, aka soye, aka cinye, shi ke nan. A wurin Inna kamar rabin suna aka raɗa mini. Tana da ƙane guda da ya rage a daji da garkensa, can kudu. Ban taɓa ganinsa ba, amma na san shanunsa ɗaya bayan ɗaya, don kullum sai ta ba ni labarin mai karyayyen ƙaho da mai farin goshi da wadda ba ta yarda kowa ya tatse ta sai an yi mata waƙa.

Shekarar da aka sa ni a firamare, wata rana ta dawo daga kasuwa da kaza a hammata, wake-wake, wato baƙi da fari a gauraye. Ta tsaya a tsakar gida ta ƙwala mini kira da sunan da take tsokanata da shi, irin wasan kaka da jika.

"Maigida, zo ka karɓi karsanarka."

"Inna, wannan ai kaza ce."

"Yau kaza ce. Kai dai riƙe ta da hannu biyu."

Ta zaunar da ni ta shimfiɗa mini hanyar. Kaza za ta ƙyanƙyashe, a bar matan, a sayar da zakarun a sayi akuya. Akuya ta yi ta haihuwa, a haɗa 'ya'yanta a sayi karsana, a kora ta garken ƙanenta da sunana. Yadda take faɗa, ka ce karsanar tana ɗaure a bayan ɗaki. Mahaifiyata na jin mu tana tankaɗe tana murmushi. Ni dai na yarda, yarda irin ta yaro wadda ba ta da ƙofar baya. A makaranta ma na gaya wa abokaina ina da saniya, sai dai ba ta ƙaraso ba tukuna.

Da bazara kazar ta ƙyanƙyashe. Ban ƙirga su ba, don Inna ta hana, ta ce makiyayi ba ya ƙirga dukiyarsa da baki. Na dai san sun cika tafin hannuna biyu har da saura, ga laushi, ga ɗumi, suna bin uwarsu suna tsattsagar tsakin da nake watsa musu.

Duk wanda ya zauna a unguwarmu ya san shirwar Goron Dutse. Tun hantsi suke shawagi a kan dutsen, ba gaggawa, kamar masu jiran a biya su albashi. Da can ban taɓa ɗaga kai na kula da su ba. Gaskiyar masu iya magana, kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa. Ranar farko ina tsugune a gaban 'yan tsakin, sai na ga inuwa ta gifta ƙasa, uwar ta yi wata irin ƙara ta baza fukafukai, iska ta bugi fuskata. Kafin in miƙe, ɗan tsako yana sama yana kuka, kukan yana ƙanƙancewa har na daina ji.

Inna ba ta ɓata lokaci ba. Ta aike ni wurin mai koli na sayo galura, ja da kore, ta jiƙa a tsohuwar tasa, muka riƙa tsoma 'yan tsakin ɗaya-ɗaya muna shanya su a rana. Ta ce shirwa ba ta san ɗan tsako kore ba, za ta ɗauka ganye ne. Kwana kaɗan dabarar ta yi aiki, har na fara yi wa shirwa gwalo. Daga nan ta gane ganyen nan yana tafiya, ta ɗauki ja guda a gaban idon mahaifiyata.

Sai muka koma kan zaren kaset. Na tattaro tsofaffin kaset ɗin mahaifina da rediyo ta cinye, na zare su, muka ɗaɗɗaura daga indararo zuwa reshen dalbejiya, daga dalbejiya zuwa ƙusar bango, har tsakar gidan ta zama kamar saƙar gizo. In iska ta kaɗa sai su yi ta walƙiya suna 'yar ƙara. Muka jera fasasshen madubi a kan katanga. Mahaifiyata ta yi ta mita, duk sanda za ta yi shanya sai zare ya fizge mata ɗankwali. In na dawo makaranta ni ne mai gadi, da gwangwani da ɗan ƙarfe a hannu. Da safe kuwa Inna ce, tana zaune a kan turmi da ƙwarya da ludayi, in ta hango inuwa sai ta hau bugu tana zagin shirwa da Fulatanci. Matan maƙwabta suna leƙowa ta katanga suna dariya, ko a jikinta.

Duk da haka 'yan tsakin suna raguwa. Muka yanke shawarar kife su da babban kwando, mu ɗora dutse a kai, ba sa fita sai muna tsaye. Mun tsare sama ke nan, muka manta da ƙasa. Wata safiya na ɗaga kwandon na tarar da rami a gefe, ga gashi ja da kore a warwatse, ga 'yar ƙafa guda. Gafiya ce ta taso daga kududdufi, ta biyo rariyar da ruwan wanka ke fita. Kwandon da muka kife don ya tsare su, shi ya hana su gudu. Ranar ban je makaranta ba, ba kuma wanda ya ce in je.

Inna ta kwaɓa ƙasa da hannunta, ta daka fasassun kwalabe ta zuba a ciki, ta gina akurki mai ƙofa ƙarama. Rariyar kuma ta toshe ta da dutse da tsumma. Ruwan farko da aka yi mai ƙarfi, tsakar gida ta cika, ruwa ya shiga ɗakin mahaifiyata ya jiƙa katifa da buhun gero. Mahaifina, wanda ban taɓa jin ya ɗaga wa Inna murya ba, ya fito cikin ruwan ya cire dutsen ya yi jifa da shi.

"Inna, don Allah, kaji ne fa. Kaji ne kawai."

Ta juya ta shige ɗakinta.

Uwar kuwa muzuru ne ya ci ta. Wani ƙaton baƙi ne mai yagaggen kunne da ke yawo a kan katangun unguwa, kowa ya san shi, kowa ya jefe shi, bai taɓa mutuwa ba. Da alama ɗan tsako ya zo ɗauka ta tare shi. Gashinta wake-wake muka gani a kan soro, iska tana ɗauka ɗaya-ɗaya. A cikin akurki saura guda ɗaya tak, koriya, ta maƙure a lungu.

Wannan ɗayar Inna ta ɗauke ta ta kai ɗakinta. A ƙarƙashin gadonta take kwana, a tafin hannunta take ci. Ni nake haƙo mata gara a gindin katanga. Koren ya zube, gashi wake-wake irin na uwarta ya fito, ta zama sagara mai sheƙi, tana bin Inna har bakin rijiya. Inna ta ce da ni, "Ka gani ko, maigida? Zakaran da Allah ya nufa da cara, ana muzuru ana shaho sai ya yi." Na ce ai wannan mace ce. Ta ce to ai gara, zakara ba ya haifar akuya. Da damina ta yi tsakiya sagarar ta fara kyarkyara tana leƙa lunguna, alamar ƙwai ya kusa. Na koma ba abokaina labarin saniyata.

Cikin marka ne, wata ranar da aka wuni ana yayyafi, muka ji sallama a zaure. Na leƙa na ga wani dogon tsoho siriri, ya rataya sanda a kafaɗa, ga buta, ga tabarma a naɗe, ga buhu a ka. Da Inna ta fito ya ce, "Adda," wato yaya, sai ta dafa bango. Ƙanenta ne mai garke. Suka tsuguna suka yi ta gaisuwa, doguwa, ba mai kallon idon wani. Ina gefe ina jira ta tambaye shi mai karyayyen ƙaho, ina jira ta ce masa ga mai karsana nan. Ba ta tambayi shanu ba ko sau ɗaya. Ta dubi buhun, ta dubi tabarmar, ta miƙe ta shigo gida ta ce da mahaifina ya kama sagarar.

Na ɗauka ban ji daidai ba. Mahaifina ma ya tsaya.

"Inna, bari in je in samo nama a bakin titi. Ta yaron nan ce."

"Ƙanena ba zai ci naman bakin titi a gidana ba, ga kaza tana yawo."

Na yi kuka, na yi birgima a cikin taɓo, na riƙe zaninta na ce ai ita ta ce karsanata ce. Ta ɓamɓare hannuna a hankali, ba ta dube ni ba. Sagarar ko gudu ba ta yi ba, ta saba da hannu. Mahaifina ya yanka ta a bakin rariyar nan da gafiya ke bi. Inna ta fige ta da kanta, ta hura karare ta babbake ta, hayaƙin ya rasa hanyar fita saboda damshi, ya tsaya a tsakar gida a ƙarƙashin zaren kaset ɗinmu. Wannan ƙaurin ne nake gaya maka.

Bayan baƙo ya ci ya wanke hannu, ina raɓe a ƙofar zaure na ji yana yi wa mahaifina bayani da murya ƙasa-ƙasa. Babu garke. Ciwo ya kashe wasu, ɓarayi suka kore sauran, 'yan biyun da suka tsira ya sayar ya ci da iyali. Ya zo ne ko za a samar masa gadi a wani gida ko kanti.

Inna ta kira ni ɗakinta. Rabon yaro a kaza kai ne da ƙafa, amma da ta buɗe kwanon sai na ga cinya guda ta ɓoye mini.

"Ci, maigida. Karsanarka ce, kada ta wuce ba ka ɗanɗana ba."

Na ci, ina kuka ina ci. Ita ko romon ba ta taɓa ba.

Na daɗe ina jin haushinta, ba zan ɓoye maka ba. Sai da na girma na fahimci abin da ta gani a zaure. Makiyayi ba ya barin shanunsa da damina ya tafi ziyara, balle ya zo da tabarmarsa da buhunsa. Tun kafin ya buɗe baki ta san babu inda za a kora karsana ko da mun same ta. Duk tsaron da muka yi, da galura da kwalabe da bugun ƙwarya, muna tsare hanya ce wadda ƙarshenta ya riga ya rushe ba mu sani ba. Abin da ya rage mata shi ne kada ƙanenta ya shigo birni a tsiyace ya tarar ba a yi masa yanka ba.

Ba ta sake kiwon kaza ba. Akurkin ya narke a damina ta gaba, ba wanda ya gyara. Ƙanenta ya samu gadi a gidan wani Alhaji a Sheshe, in na wuce nakan gan shi a bakin ƙofa da sandarsa a kafaɗa, yana tsaron motoci. Labarin mai farin goshi kuwa ban ƙara jin sa daga bakin Inna ba har ta rasu.

Yanzu gidan a hannuna yake. An shafe tsakar gidan da siminti, an cike kududdufin an yi gine-gine a kai, dalbejiyar ma an sare. Gafiya tana nan a kwata, shirwa tana nan a kan dutse. Da aka haifi ɗana, rago na yanka aka cinye, ba kuma wanda ya ga an rage wani abu. Kwanakin baya muna dawowa daga masallaci muka haɗu da mai tallar 'yan tsaki a kwali, an rina su ja da kore da ruwan hoda, don yara su yi sha'awa su sa iyayensu su saya. Yaron ya ja rigata.

"Baba, saya mini koriyar. Zan kula da ita har ta girma."

Na ce masa, "In ta girma ta zama me?"

Ya dube ni kamar na yi tambayar wauta.

"Kaza mana, Baba."

Gaskiyarsa. Na kama hannunsa muka wuce.